Kafin waken Dakoro ya hau jirgin ruwa zuwa Kabo Berde

Ɗan kasuwar da ya ji cewa akwai ƙasar da ke shigo da kusan kashi 80 cikin 100 na abincinta daga waje, dole kunnensa ya tashi. Haka Kabo Berde take: tsibirai goma a cikin tekun Atilantika, wajen kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal, damina kaɗan, ƙasar noma ƙanƙanuwa. Mutanenta kuma masu cin wake ne. Babban abincinsu, kacupa, masara ce da wake, har irin waken da muke nomawa suna da sunansa, bongolon. To wanda ya saba ganin buhuna jibge a kasuwar Dakoro bayan kaka, farashi ya faɗi warwas, ba laifinsa ba ne in ya yi tunanin ga inda zai kai. Shawarata ita ce kada buhu ɗaya ya bar sito sai an sami mai saye da sunansa, an yi yarjejeniya a rubuce, ya kuma ba da kafin alƙalami.

Dalili na farko shi ne girman cikin kasuwar. Jama'ar ƙasar duka ba su wuce rabin miliyan da ɗan wani abu ba, a warwatse kan tsibirai tara, fiye da rabinsu a Santiyago inda babban birni Paraya yake. Wanda ya saba da Dawanau ta Kano, inda tirela goma za ta shige ba a ji ɗuriyarta ba, zai yi kuskuren awo a nan. Kwantena ɗaya mai ƙafa 20 tana ɗaukar sama da tan 20 na wake. In ta sauka a makon da kayan wani suka riga ta, farashi ya karye, kuma babu garin gaba da za a tura kamyo, ruwa ne ta kowane gefe. Kuɗin ajiya a tashar jirgi kullum ƙaruwa yake, ƙwaro kuma ba ya jiran ciniki. Ban da haka, dogaro da kayan waje ba ya nufin kasuwa babu mai ita. Manyan masu shigo da kaya ƙalilan ne, sun daɗe suna hulɗa da Fotugal, wadda ta mulki ƙasar har 1975, harshensu ɗaya, jiragenta kuma suna zuwa a kai a kai.

Sai hanya. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kaɗai an yi fiye da kilomita 100, Yamai na gaba da nisan sama da 600. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, mafi yawan kaya ta Burkina Faso suke bi zuwa tashar Lome, wani wuri da rakiyar soja. Nijar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, Kabo Berde tana ciki, don haka kada a ɗauka rangwamen duwan na da yana nan. A sa mai sayen ya tambayo duwan ɗin ƙasarsa, ya aiko da amsa a rubuce. A gida ma gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa wajen ƙasashen ƙawancen Sahel na AES a Oktoban 2024, saboda haka matakin farko shi ne zuwa ofishin ma'aikatar kasuwanci a Maraɗi a tabbatar hajar tana da izinin fita a wannan lokacin. Abu ɗaya da ke da sauƙi shi ne kuɗi: eskudonsu da sefarmu duk a ɗaure suke da yuro, sai a yanke farashi da yuro, kowa ya huta da fargabar canji.

Wani zai ce haja mai kyau ita ke sayar da kanta, a kai kawai. Wannan magana ta kasuwar da mai saye ke damƙar wake ya gani da idonsa ce. Can takarda ake fara dubawa: shaidar lafiyar tsiro, shaidar asalin kaya, da sakamakon gwajin magani. Misali, a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ake zuba masa a sito. Manomin Dakoro yana da mafita a hannu, wato buhun PICS mai ruɓi uku da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi ta taimaka aka gwada, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da guba ba. A tsince waken, iri ɗaya, launi ɗaya, a aika samfurin kilo kaɗan ta jirgin sama tukuna.

Wani kuma zai ce bin mai shigo da kaya na can ba shi riba ne a banza. Gaskiya zai ci nasa. Amma shi ya san wane kanti ke biya, shi ke da hanyar tura kaya zuwa birnin Mindelo ko otel-otel na tsibirin Sal, kuma shi zai ɗauki asarar in kaya sun kwana. Ƙungiyar manoma ko ƴan kasuwa biyar su haɗa kwantena ɗaya, su lissafa kuɗin mota, turanzita, jirgi da inshora a kan kowane buhu, su nemi sauran kuɗin ta banki da zarar takardar lodin jirgi ta fito. In bayan wannan lissafin ribar ba ta fi ta kai waken Jibiya ba, a kai shi Jibiya.