Idan Sifikar Tsohuwar Mota Ta Yi Shiru

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kazaure da Roni na hannu ne. Sau da yawa mai motar na farko ya yanke wayoyin rediyo ya ƙara sifika, ya naɗe da salatif. Zafin rana kan saki salatif ɗin, wayoyi su haɗu, fis ya ƙone, wani lokaci har gobara.

Kafin komai, a cire wayar batir mai alamar ragewa. Kada a yarda da launin waya, domin an riga an cakuɗa su. A samu batirin tocila mai bolt 1.5, a ɗan taɓa shi da wayoyi biyu da suka fito daga bayan rediyo. Sifikar da ta ce "ɗif", wayoyinta ne. In bakinta ya turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce mai alamar tarawa.

Amma hattara! Wayoyi masu rigar rawaya a wajen sitiyari na jakar iska ne, ba a gwada su. Fis kuwa, in ya ƙone a sa irinsa, ba guntun waya ba.