Yadda Ake Karanta Hoton Na'urar Neman Kifi

Na'urar neman kifi ba ido gare ta ba, kunne gare ta. Waɗansu Japanawa biyu, wa da ƙane, masu suna Furuno, su ne suka fara ƙera ta domin sayarwa a yankin Nagasaki cikin 1948. Yanzu kuwa har masu ƙananan jiragen inji suna amfani da ita. Amma fa mallakarta kaɗai ba ta kawo kifi, sai masunci ya iya karanta abin da take nunawa. Wanda ya ɗauki kututture a kan kifi ne, ya yi hasarar mai, ya kuma yaga taru.

Yadda take aiki

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake maƙalawa a ƙarƙashin jirgi, shi ke aika sauti cikin ruwa, ya kuma saurari amsa kuwwarsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa. Idan kuwwar ta komo cikin kashi ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, to sautin ya yi tafiyar mita 30 zuwa da komowa, watau zurfin wurin mita 15 ke nan. Sautin nan yana buɗewa ne kamar hasken tocila, gwargwadon zurfi gwargwadon faɗinsa.

Dama da hagu

Wannan shi ne babban abin da ya kamata a riƙe. Hoton yana tafiya ne daga dama zuwa hagu. Abin da ke gefen dama na allon shi ne ke ƙarƙashin jirgi a yanzu, na hagu kuwa an riga an wuce shi. Saboda haka in ka hangi kifi a tsakiyar allo, kada ka jefa koma a nan, sai ka juyo da jirgi ka koma baya.

Siffar kifi

Kifi yakan fito kamar jinjirin wata a kife. Dalili kuwa, sa'ad da ya shigo gefen sautin yana nesa da ƙarfen, da jirgi ya zo kansa sai ya matso kusa, sa'an nan ya sake nisa. Jakar iska da ke cikin kifi ita ce ta fi mayar da kuwwa. A lura, tsawon alamar ba ya nuna girman kifi, yana nuna daɗewarsa ne cikin sautin. Kaurinta da ƙarfin launinta su ake dubawa. Kifin da ya tsaya ƙarƙashin jirgin da ba ya tafiya, dogon layi zai zama a kwance. Garken ƙananan kifaye kuwa kamar gajimare yake fitowa, sau da yawa kuma akan ga manya a ƙarƙashinsa suna farauta.

Ƙasan ruwa

Dutse ko tsakuwa sukan ba da layi mai kauri da ƙarfin launi, wani lokaci ma har a ga layi na biyu a ninkin zurfin. Laka kuwa tana shanye sauti, layinta ba shi da ƙarfi. A tafkunan da aka samu ta hanyar datse kogi, kamar Kainji wanda aka kammala madatsarsa cikin 1968, akwai itatuwan da ruwa ya shanye. Alamarsu takan tashi ne daga ƙasa, tana haɗe da ita, kuma in ka sake bi ta wurin za ka same ta inda ka bar ta. Kifi kuwa ya gusa.

A lokacin zafi akan ga wani siririn layi a kwance a tsakiyar ruwa mai zurfi. Nan ne ruwan ɗumi na sama ya gamu da mai sanyi na ƙasa. Sau da yawa iskar shaƙa takan yi ƙaranci a ƙarƙashinsa, don haka a nemi kifi daga layin zuwa sama.

Abin yi

Ka fara gwaji a wurin da ka san zurfinsa sarai. Ka riƙa tafiya a hankali, domin gudu yana haifar da kumfa mai ɓata hoto. Ka riƙa gwada abin da allo ya nuna da abin da koma ta fitar. Na'urar ba za ta gaya maka giwan ruwa ne ko tarwaɗa ba. Wannan sai sanin ruwa irin wanda masunci ya gada wurin magabatansa.