Darasi na 9: In famfon unguwa ya lalace, ƙofar wa za mu buga?

Ga mai jagorantar zama: a karanta wannan darasi bayan an gama zubi an kulle akwati. A riƙa tsayawa ana jin ta bakin mata.

'Yan uwa, kusan kowane gari yana da famfon tuƙa-tuƙa da aka buɗe da kiɗa da tafi, yau kuma awaki ne ke kwana a gindinsa. In aka tambaya, sai a ce ai na gwamnati ne, ita za ta zo ta gyara. Kafin ta zo, wa ke biyan ɗan garuwa? Wace yarinya ce ke makara a makaranta saboda ta tafi rijiya mai nisa? Sau da yawa kuɗin da mace za ta zuba a hannun jarinta na mako shi ke tafiya a ruwa. Shi ya sa maganar famfo ta shigo littafin adashi.

Mu fara sanin masu riƙe da gari. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jigawa 27, Katsina 34, Kano 44. Kowace an raba ta zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa tana da kansila, shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da ƙofar gidanku. A samansa akwai ciyaman. Mai unguwa da dagaci da hakimi kuwa layin sarauta ne: ba su riƙe kasafin kuɗi, amma maganarsu tana da nauyi, kuma takardar da dagaci ya sa wa hannu ba a saurin jefar da ita. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma ku riƙe wannan: akwai kuɗin da ake warewa da sunan ƙaramar hukumarku kowane wata, kuma tambayar inda ya shiga ba rashin kunya ba ne.

To, amma ba kowace lalacewa ce ake kai wa kansila ba. Yawancin abin da ke kashe famfo ƙarami ne: robar ciki ta cinye, sarƙa ta bushe babu giris, noti ya kwance, yara suna buga hannun da ƙarfi har ƙasa. In aka bar ƙaramin, shi ke jawo babban. Wannan gyaran namu ne. Ga misali: mata 25, kowacce ta ajiye naira 50 a mako, an sami 1,250, a shekara 65,000. A sa shi a jakarsa daban, kada a haɗa da asusun taimakon juna, domin wancan na haihuwa ne da rashin lafiya da rasuwa. Kuma kada ƙungiya ta ɗauki nauyin gari ita kaɗai. Duk gidan da ke ɗiban ruwa ya kawo nasa, a rubuta. In garin yana da kwamitin ruwa da tsafta, ku nemi kujera a ciki, musamman ta ma'aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban gyara, kamar sauya bututu ko ƙara zurfin rijiya in ruwa ya ja ƙasa da bazara, shi ne ake kai wa ƙaramar hukuma. Kada a je da baki kawai. Sakatariya ta rubuta takarda gajera: ga famfon, ga ranar da ya tsaya, ga yawan gidajen da ke sha, ga abin da muka tara da kanmu. Wannan layi na ƙarshe shi ke sa a saurare ku. A yi kwafi biyu, a sa wa ɗaya hannu da kwanan wata a dawo da ita akwati. Mata uku su je, tare da sanin mazajensu da na dagaci. A kai ta da kaka, don a watannin ƙarshen shekara ake tsara kasafin baɗi. In an ce ku dawo, ku tambayi rana, ku kuma dawo.

Sai maganar zaɓe, nan ne ƙungiyoyi ke watsewa. Ɗan takara ya san mata 25 masu zama duk mako ƙuri'u ne a wuri ɗaya, zai aiko da atamfa da sabulu da taliya, wani ma ya ce zai zuba muku jari a akwati. Kada ku karɓi kuɗin siyasa a akwati. Ranar da ya shiga, 'yar ɗaya jam'iyyar za ta ga ba nata ba ne, wadda ta ci bashi kuma za ta ce ai kuɗin gwamnati ne, ba sai an biya ba. Kowacce ta zaɓi wanda take so, a ɓoye, babu mai tambayarta. Abin da ƙungiya za ta yi tare shi ne ta miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo takarda iri ɗaya, ya faɗi abin da zai yi a gaban mai unguwa, sakatariya ta rubuta. Bayan zaɓe a ɗauko littafin.

Ruwan da ke malala a gindin famfo ma kada a bar shi ya zama gidan sauro. A ja masa hanya zuwa ɗan fili, a dasa zogale, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Darbejiya a nisanta ta daga dandamalin siminti, saiwarta tana fasa shi. Kuɗin ganyen zogalen ya koma jakar gyara.

Aikin mako mai zuwa: mata biyu su zagaya su ƙirga famfunan garin, nawa ke aiki, nawa suka tsaya, tun yaushe. Wasu biyu su zo da sunan kansilan mazaɓa da na mai gyaran famfo mafi kusa, da abin da yake karɓa in an kira shi.