Yadda Ake Shawo Kan Gansakuka a Tafkin Kiwon Kifi

Gabatarwa

Masu kiwon kifi a garin Gombe da kewayen madatsar ruwa ta Dadin Kowa sukan yi fama da yawaitar gansakuka, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin bazara ya tsananta. Gansakuka 'yar daidai tana da amfani, domin karfasa na cin ta, kuma tana samar da iskar oksijin a ruwa da rana. Yawanta ne ke jawo asara.

Illar Gansakuka

Da dare gansakuka takan daina samar da oksijin, ta koma shaƙar wanda ke cikin ruwa. Saboda haka iskar takan yi ƙaranci gab da asuba, a ga kifi ya taso sama yana haki. Karfasa ce ke fara mutuwa. Babbar tarwada takan jure domin tana iya shaƙar iskar sarari, amma cin abincinta da girmanta sukan ragu. Akwai kuma nau'in da ke yin kauri a saman ruwa kamar fenti, wanda ke sa naman kifi warin taɓo, wani lokaci ma yana da guba.

Abin da ke Kawo Ta

Ragowar abinci, kashin kifi da takin kaji da ya wuce kima su ne abincin gansakuka. Idan suka haɗu da hasken rana da ruwa mai ɗumi, sai ta yaɗu cikin 'yan kwanaki.

Gwaji

Manomi ya tsoma hannunsa cikin ruwa har zuwa gwiwar hannu, wato kimanin santimita 30 zuwa 40. Idan yana hangen tafin hannunsa dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. Idan tafin ya ɓace tun kafin a kai nan, gansakuka ta yi yawa.

Matakan Ɗauka

1. A dakatar da zuba taki nan take.
2. A rage abinci. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti 15 kawai.
3. A fitar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan daga ƙasa, a maye shi da sabo.
4. A kwashe wadda ta taru a sama da raga mai ƙananan idanu.
5. A yi wa kwamin siminti rumfar zana da za ta rufe rabinsa.
6. A shayar da lambu da ruwan da aka fitar, domin taki ne mai kyau. Kada dabbobi su sha shi.

Gargaɗi

Kada a zuba maganin kashe ciyawa a tafki. Idan gansakuka ta mutu lokaci guda, ruɓewarta za ta cinye sauran oksijin, kifi ya hallaka a dare ɗaya. Malaman gona su nuna wa manoma gwajin hannu a bakin tafki, su kuma jaddada duba kifi kullum da asuba.