Yadda Ake Warware Matsala Idan SQLite Ta Ƙi Harhaɗuwa

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. A irin wannan hali, wanda zai rubuta wa dillalin masara a garin Ruwan Godiya manhajar lissafin buhuna da bashi, dole ya nemi rumbun bayanan da ke zaune cikin manhajar kanta, ba sai da intanet ba. SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fitar a 2000, ta dace da wannan aiki: fayiloli biyu ne, sqlite3.c da sqlite3.h. Sai dai wajen harhaɗawa ne sababbin hannu ke tuntuɓe.

Da farko, mai aikin ya koma kan kuskuren da ya fara fitowa. Galibi shi ne uwa, sauran 'ya'yansa ne.

Na biyu, in ya ga "No such file or directory", gcc, mai harhaɗa shirin, bai ga sqlite3.h ba ne. Ya ajiye shi a jaka ɗaya da aikinsa, ko ya nuna hanyarsa da -I.

Na uku, "undefined reference to sqlite3_open" na nufin an kira sunan aiki amma ba a kawo jikinsa ba. A Linux, maganin shi ne: gcc lissafi.c sqlite3.c -lpthread -ldl -lm -o lissafi. A Windows ba a buƙatar -ldl.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cin lokaci, wato "multiple definition". Yakan faru ne idan an rubuta #include "sqlite3.c" a cikin shiri, sannan aka sake harhaɗa fayil ɗin daban, kowane aiki ya fito sau biyu. Sai ya goge layin, ya bar #include "sqlite3.h" kawai. In kuma main ce ta maimaitu, to fayil ɗin shell.c na SQLite ne ya shigo ba gayyata, a cire shi.

Na biyar, mai rubutu da C++ kada ya miƙa wa g++ fayil ɗin sqlite3.c, domin da harshen C aka rubuta shi. Ya fara da gcc -c sqlite3.c, sannan ya haɗa sqlite3.o da nasa.

Daga ƙarshe, ya buga sakamakon sqlite3_libversion() ya kwatanta da SQLITE_VERSION. In lambobin sun bambanta, ya sauko da fayilolin biyu daga fitowa ɗaya, ya sake harhaɗawa.