Darasi na Bakwai: Shigar Kwaikwayo da Idon Ɗan Jarida a Tarukan Masoya Littattafan Zane

Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan tashe, inda aka ga yadda yaro kan liƙa auduga a haɓa, ya ɗauki sanda, nan take ya koma tsoho a idon masu kallo. A wannan darasi za a dubi wata al'ada mai kama da wannan a Amurka da Japan, wato shigar da masoya littattafan labari cikin zane kan yi a tarukansu, da kuma yadda kafofin yaɗa labarai suke nuna ta. Manufar ita ce ɗalibi ya iya rarrabewa tsakanin abin da ya faru a taro da abin da hoto ya zaɓa ya nuna.

Asalin Al'adar

Manazarta sukan danganta farkon wannan shiga da taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya da aka yi a birnin New York a shekarar 1939. A wurin ne Forrest J. Ackerman da Myrtle R. Douglas suka bayyana cikin tufafi irin na mutanen zamani mai zuwa, kuma ita Myrtle ce ta ɗinka su. A 1970 aka fara taron San Diego da mutane kimanin 300. Wannan taro, wanda aka fi sani da Comic-Con, ya shigo da gasar shiga a 1974, kuma daga baya mahalartansa suka haura 130,000 a shekara. A Tokyo kuwa an buɗe kasuwar Comiket a 1975. Japanawa ne suka raɗa wa al'adar suna "kosupure" a farkon shekarun 1980, wato wasa da sutura. A nan za mu kira ta shigar kwaikwayo.

Sutura a Matsayin Magana

Mai shigar kwaikwayo ba ya bukatar ya faɗi wanda ya zama. Baƙar alkyabba da hula mai kunnuwa biyu sun isa a gane Batman, kamar yadda gemun auduga ya isa a gane tsohon tashe. Bambancin yana ga wahalar da ke bayan tufar. Da yawa daga cikinsu su suke yanka yadinsu, su hau keken ɗinki, su sassaƙa sulke da takobi daga soso ko roba, su yi masa fenti har ya yi kama da ƙarfe. Wani kan yi watanni a kan riga guda. A wasu gasanni alƙalai sukan juya cikin rigar su duba ɗinkin, domin a wurinsu sana'ar hannu ita ce abin yabo.

Abin da Kyamara Take Zaɓa

A nan ne ya kamata malami ya natsu. Mafi yawan masu halartar taron San Diego da tufafinsu na yau da kullum suke zuwa, su sayi littattafai, su saurari marubuta da masu zane. Amma ɗan jarida yana da shafi ɗaya ko minti biyu, saboda haka sai ya nemi abin da zai tsayar da ido. Wanda ya san taron ta jarida kawai zai rantse kowa a wurin ya rufe fuska. Haka kuma masu ɗaukar hoto sun fi karkata ga mata masu shigar da ke nuna jiki, su wuce wadda ta kwana tana ɗinki ba su tambaye ta komai ba. Ba ƙarya aka ɗauka ba, an dai yanko gefe ɗaya ne aka ce shi ne duka, kuma wannan ya fi ƙarya wuyar kamawa.

Tun da kamfanonin fim na Hollywood suka mamaye taron a shekarun 2000, labarin ya ƙara karkata. Zauren da ake kira Hall H yana ɗaukar mutane kusan 6,500, kuma can 'yan jarida suke tururuwa don ganin taurarin fim. Mai zanen da taron ya samo suna daga aikinsa sau da yawa ba a ko ambace shi.

Lamarin bai tsaya ga hoto ba. Koke-koken mata game da taɓa su da ɗaukar hotonsu ba da izini ba sun sa a 2014 taron New York ya kafa alluna masu gargaɗin cewa shigar mutum ba ta zama izinin taɓa shi ba, kuma a nemi yardarsa kafin a ɗauke shi hoto.

Auna Fahimta

Ka samo hotuna uku da wata jarida ta buga na hawan salla ko na tashe a garin da ka sani. Ka rubuta shafi guda a kan waɗanda aka nuna da waɗanda aka bari a wajen hoton. Daga nan ka tsara tambayoyi huɗu da za ka yi wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan hotunan.