Sabuwar Bindiga da Sabon Harsashi: Abin da Mafarauci Zai Auna Kafin Ya Biya Kuɗi

Tun shekarar 2007, lokacin da kamfanin Hornady na Amurka ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor, mafarautan ƙasar suka rabu gida biyu, kuma har yau gardamar ba ta kwanta ba. Matasa na cewa zamanin tsofaffin harsasai ya wuce. Dattawan da suka gaji .30-06 ko .270 daga iyayensu kuwa cewa suke yi barewa ba ta canza fata ba, don me za a canza harsashi? Wanda ya tara kuɗinsa zai sayi bindigar farauta shi ne ke tsaka mai wuya. Ɗan'uwa, in kai ne, fara da dabbar da za ka harba, da nisan da za ka harbe ta, da abin da kafaɗarka za ta iya ɗauka. Sunan da ke jikin kwali ya zo daga baya.

Ita bindiga mai sakata ba sabon abu ba ce. Ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya, kwanso ya yi waje. Ka tura gaba ta ɗauko sabon harsashi. Ka danne ƙasa ta kulle. A kan wannan tsari Paul Mauser ya ƙera bindigarsa ta 1898 a Jamus, kuma daga gare ta ne Winchester Model 70 ta 1936 da Remington 700 ta 1962 suka ɗauki haƙora biyun da ke kulle sakata ta gaba. Abin da ake kira sabo a bindigogin yau galibi yana jikin mariƙi, wanda ya koma roba maimakon itace, da kunama mai laushi, da gidan harsashi mai cirewa. Injinan ƙira sun inganta ƙwarai, har bindiga mai matsakaicin farashi irin Tikka T3x ta Finlan ko Ruger American tana tara harsasai wuri guda fiye da yadda akasarin masu ita za su iya. Don haka ba a kan bindigar za ka fi ɓata lokaci ba. Harsashin ne zai zauna da kai shekara da shekaru, domin bindiga ba ta cin wani sai wanda aka yanka mata.

A yi wa Creedmoor adalci. Don gasar harbin nesa aka ƙirƙiro shi, kuma a can ya yi fice. Kansa dogo ne siriri, nauyinsa wajen giram 9, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, kuma iska ba ta ture shi kamar yadda take ture gajere mai kauri. Sai dai wannan fifiko ba ya bayyana sosai sai an wuce mita 300 zuwa 400. A cikin mita 200, tsakaninsa da .308 Winchester na 1952 bambancin saukar harsashi bai taka kara ya karya ba, kuma mai farautar barewa a dazuzzukan gabashin Amurka sau da yawa ba ya ma hango abin da ya wuce mita 100 saboda duhuwar itatuwa. Mutanen Suwidin da Norwe kuma za su gaya maka cewa da harsashi mai wannan kauri, 6.5x55 na 1894, kakanninsu suka yi ta kayar da ƙatuwar barewar ƙasarsu wadda ta kai doki girma.

Ainihin alherin Creedmoor, a ganina, yana wurin da talla ba ta cika ambata ba: ba ya dukan kafaɗa. Harsashin .30-06 mai nauyin giram 11.7 yana tunkuɗo mai harbi da ƙarfin da ya fi na Creedmoor nesa ba kusa ba, manyan harsasan magnum kuma sun fi haka. Mutum ba ya son a ce yana tsoron bindigarsa, amma jiki ba ya ƙarya. Bayan ya sha duka sau goma, sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin harsashi ya fita, shi kansa bai sani ba.

Akwai hanyar gane wannan a filin gwaji. Ka juya baya, abokinka ya riƙa loda maka bindigar bakinta na kallon allon gwaji, wani lokaci da harsashi, wani lokaci ba kome, ba tare da ya gaya maka ba. Ka auna, ka ja kunama. Duk sa'ad da aka faɗa kan fanko, sai ka ji ƙas kawai, kuma a nan asiri ke tonuwa: in bakin bindigar ya yi ƙasa, ko kafaɗarka ta zabura gaba, to harsashin ya fi ƙarfinka a yanzu. Sauka zuwa ƙarami. Ƙaramin harsashi a bayan kafaɗar dabba, inda huhu da zuciya suke, ya fi babba a ciki ko a cinya. Dabbar da aka fasa wa hanji takan gudu ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda ba mai ganinta. An ɗauki rai, an yi asarar nama, kuma mafarauci mai tsoron Allah ba ya ɗaukar wannan da wasa.

Sai tambayar da masu ɗoki ke mantawa: nan da shekara goma, ina za ka sami harsashin? A 2003 kamfanin Winchester ya fito da gajerun harsasai masu gudu da ake kira WSSM, mujallu suka yi ta yabo. Ba a daɗe ba aka daina ƙera bindigoginsu, waɗanda suka saya suka koma neman harsashi ruwa a jallo. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Creedmoor ya tsallake wannan siraɗi, yanzu kusan kowane kamfani na yin sa. Amma 6.5 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022 ba su kai shi yaɗuwa ba tukuna, sun fi tsada, kuma yawan albarushinsu na cinye bututu da wuri. Kada ka auna da babban kanti na birni. Shiga ƙaramin shagon ƙauyen da ke kusa da inda kake farauta, ka duba kanta. Abin da ka gani a jere can, shi za ka samu ranar da ka manta kwalinka a gida.

Irin kan harsashin ma ya fi lambar da ke jikinsa muhimmanci. Na gasa fatarsa siririya ce, yana iya tarwatsewa a kan ƙashi bai shiga ba. Na farauta an yi shi ya buɗe kamar lema ya kuma ci gaba da kutsawa. Abin da ya sa John Nosler ya ƙera kan harsashin Partition a 1948 ke nan, bayan harsashinsa ya kasa ratsa wata babbar dabba a Kanada. In a Kalifoniya kake, tun Yulin 2019 doka ta hana farauta da harsashin dalma, sai na tagulla da makamantansa, kuma ba kowace bindiga ke jituwa da su ba sai an gwada.

Kowane harsashi da iyakarsa. Creedmoor ya ishi barewa da dabbobi masu matsakaicin jiki. Ga babbar barewar elk ta duwatsun yammacin Amurka, ni .30-06 ko .308 da kai mai ƙarfi zan fi natsuwa da shi. Ɓauna kuwa, irin wadda ake farauta da lasisi a yankunan farauta na arewacin Kamaru kusa da Binuwai da Faro, ba a tunkarar ta da ƙaramin abu. A nan .375 H&H, wanda Holland & Holland na Landan suka fitar a 1912, shi ne ma'auni, kuma ƙasashen Afirka da dama sun sa shi ko makamancinsa a matsayin mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari.

Kafin duk wannan akwai doka. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu kaurin 7.62mm da .303 cikin haramtattun makamai, sauran bindigogin farauta kuma sai da lasisin 'yan sanda. Shi .308 tagwayen 7.62 na sojan NATO ne. Abin da ke halas a kantin Teksas zai iya kai mutum gidan yari a wata ƙasa, don haka a tambayi hukuma tun kafin a sa rai.

In ka tsai da harsashi, sai ka ɗauki bindigar a hannu. Sa rigar da kake farauta da ita, ka rufe ido, ka kai ta kafaɗa, ka buɗe. In idonka bai faɗa tsakiyar madubin saiti ba sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kunci, ba taka ba ce. Ka ja sakatar da sauri ba tare da ka sauke ta daga kafaɗa ba, ka ji ko tana sarƙewa. Ka duba ko makullin tsaro na barinka ka fitar da harsashi alhali yana kulle, kamar na Model 70 mai matsayi uku. Bahago ya nemi ta bahagwai. Mara nauyi tana da daɗin ɗauka a kan dutse, amma ta fi duka, ta kuma fi rawa a hannu. Kuma ka rage kuɗin madubi mai kyau, domin da asuba da kusan magariba dabba ke fitowa, lokacin da madubi mai araha ke duhu.

Kamfanoni kan yi alkawarin harsasai uku cikin kusan santimita 3 a mita 100. A kan teburi ne wannan, da buhun yashi. Kai ka liƙa farantin takarda mai faɗin santimita 20, girman wurin da ake nufa a ƙirjin barewa, ka harbe shi a durƙushe, ko a kan sanda, bayan ka yi tafiya har kana haki. Ka riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Nisan da ka daina samun farantin a kowane harbi, nan iyakarka take, kome harsashin zai iya. Ka fi kula da harbin farko daga bututu mai sanyi, shi ne wanda daji ke ba ka. Ka daidaita saiti da ainihin harsashin da za ka fita da shi, ka sayi kwali uku ko huɗu masu lambar ƙira ɗaya, kuma duk lokacin da bindigar ta sha jijjiga a mota ko ta faɗi, ka sake gwada ta a allo kafin ka shiga daji.